Kalmar Sirrin Islamiyyar Matan Aure

Ran Alhamis da la'asar 'yar Malam ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta 'yar takarda.

Wata uku ta yi tana haɗa abin. Kwamfutar da ke ɗauke da sunayen matan auren Islamiyyarsu ta Jajaye, da hotunansu, da sakamakon haddarsu, tana can ƙuryar ɗaki, ba ta magana da intanet kai tsaye. Wata na'ura ta sa a tsakani. Duk wanda ya nema daga wayarsa, ita za ta tare shi, ta tambaye shi kalmar sirri, sannan ta shiga ta ɗauko masa. Da wannan sharaɗin mazajen suka yarda aka ɗauki matansu hoto.

"Kamar zaure ke nan," in ji Malam. "Baƙo ya tsaya, a shiga a yi masa iso."

"Haka ne, Baba. Ga kalmar nan. Mazajensu kawai za a ba."

"Allah ya yi miki albarka. Ba wanda zan manta da shi."

Ta so ta ƙara bayani, kunya ta hana ta.

Washegari tana tankaɗe a tsakar gida aka idar da Juma'a. Ta lasifikar masallaci ta ji gyaran muryar mahaifinta. Ya ce kada wani magidanci ya ce an ware shi. Sannan ya fara biya kalmar, harafi-harafi, a tsanake, sahu-sahu na amsawa har bakin titi. Da ya ji na baya sun yi kuskure, sai ya sake daga farko.