Sa Hannu a Nan

"Sa hannu a nan, Baba," in ji akawun kamfanin katako, ya turo masa takardar diyya.

Mutumin ya dubi hannun rigarsa na dama, wanda matarsa ta naɗe ta ɗinke. Damina uku ke nan da zarton inji ya cinye hannun, damina uku yana sintiri daga ƙauye zuwa Kafanchan. Har fam ya koma naira yana zaman wannan benci, gonar cittarsa ta zama daji. Sai yau babban ofishin kamfanin da ke Kaduna ya yarda a biya.

"Ɗana, ban yi boko ba. Dangwalawa nake yi."

Ya miƙa babban yatsan hagu. Akawu ya janye tawadar, ya buɗe tsohon littafin ɗaukar ma'aikata.

"Da na dama ka dangwala ran da aka ɗauke ka. Sai biyun sun zo ɗaya, in ba haka ba yaya za su san kai ne?"

"To ai shi ne injin ya ci."

"Na sani, Baba. Ba ni na tsara ba."

Mutumin ya sunkuya kan littafin. Ga zanen yatsansa nan, layi-layi, har da tabon da lauje ya yi masa yana yaro. Ya daɗe yana shafawa.

"Bar kuɗin," ya ce a hankali. "Yago mini shafin nan in kai gida. Iyakar abin da ya rage ke nan."

Akawu ya rufe littafin.

"Kayan kamfani ne, Baba."