Tsagar da Ta Faɗa Kan Hoton Maryamu

Ranar da Hannatu ta ce aminiyarta Rifkatu ce za ta zama uwar baftismar jaririyarta, Rifkatu kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha don murna. Katolikan Daura ba su da yawa, kowa ya san kowa, kuma ba ƙaramar daraja ba ce mace ta tsaya gaban bagade ta ɗauki alkawarin tarbiyyar 'yar wani. Balle Hannatu, wadda ta daɗe tana neman haihuwa kafin Allah ya dube ta.

Sai dai Rifkatu akwai son gayu. Tun da aka sa rana, ba amsoshin da za ta ba Fada, limamin cocin, ne suka dame ta ba, ɗinki ne. Matan coci sun yi anko da atamfar ƙungiyarsu ta zumunta, mai ɗauke da hoton Uwa Maryamu, kowacce ta yi riga da zani. Rifkatu ta ce ita ba tsohuwa ba ce. Ta kwashi tata ta kai wa Kalilu tela a bakin kasuwa, ta nuna masa wani ɗinki a waya: doguwar riga matsattsiya, baya a buɗe, ga tsaga ta baya har saman gwiwa.

Kalilu ya shimfiɗa atamfar ya duba. Ya ce, "Rifkatu, tsagar nan fa a kan hoton za ta faɗo. Ba Nana Maryamu ba ce?"

"Malam Kalilu, kai dai yi abin da na nuna maka," ta ce, idonta na kan waya. "Ai yadin coci ne. Ko yaya aka ɗinka shi, ya shiga coci."

Tela bai ja ba, ya ɗauki almakashi.

Ran Lahadi ta shirya tsaf. Madubin ɗakinta gaba kawai yake nunawa, gaban kuwa ba laifi. Da ƙyar ta hau babur, a karkace, amma ko a jikinta.

Tana shiga harabar coci ta lura duk wanda ta wuce sai ya yi shiru. Ta ɗauka kyan ɗinki ne. A bakin ƙofa katikis, dattijon da ke shirya masu baftisma, ya yafito ta gefe.

"'Yata, ba zan iya kai ki gaban Fada a haka ba."

"Baba, atamfar zumunta ce fa."

"Na gani. Kin duba bayanki?"

Wata mata ta ɗauki hoton bayan rigar da waya ta nuna mata. Almakashi ya raba fuskar Uwa Maryamu gida biyu, ido ɗaya a wannan ƙafa, ɗaya a waccan. Duk takun da ta yi tun daga bakin titi, fuskar buɗewa take tana rufewa. Rifkatu ta so a ce ƙasa ta tsage ta shige.

Aka buga ƙararrawa. Gidan su Rifkatu da nisa, babu halin komawa. Katikis ya juya wajen Hannatu ya ce cikin taushin murya ta duba cikin mata ta zaɓi wata, don lokaci ya yi.

Hannatu ta ƙara rungume jaririyarta, idonta ya ciko. "Rifkatu, ke na zaɓa tun cikin yana ƙarami. Yanzu wa zan ce?"

Wannan maganar ta fi kunyar ciwo. Rifkatu ta buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa.

Sai ga Goggo Talatu, shugabar zumuntar mata, wadda harshenta ko Fada yana shakkarsa. Rifkatu ta sadda kai tana jiran saukar faɗa. Goggo ta kama hannunta ta ja ta bayan coci. Zani biyu ta ɗauro irin na manyan mata. Ta kwance na sama ta ɗaura wa Rifkatu har idon sawu, ta cire mayafinta ta rufe mata baya da kafaɗu.

"Miƙe da kyau," ta ce tana soke bakin zanin. "Faɗan yana nan, na ajiye miki sai an tashi. Share fuskarki, 'yar mutane na jira."

Da suka dawo, katikis ya dube ta sama da ƙasa, ya gyaɗa kai. "Ku shiga."

Hannatu ta sauke ajiyar zuciya har na kusa suka ji. Da Fada ya tambayi uwar baftisma ko a shirye take ta taimaki iyaye wajen tarbiyyar yarinyar, Rifkatu ta ce a shirye take. Aka zuba ruwa, jaririya Alheri ta tsala kuka, mata suka yi murmushi. Sannan Fada ya miƙa wa Rifkatu farar rigar baftisma ya ce ta sa wa yarinyar. Ta sa mata a hankali, ta ja bakin rigar ƙasa, ta gyara wuyan, hawayenta na ɗiga a kan zanin aro.

Mai karatu, coci ɗakin Allah ne, ba filin biki ba, kuma tsarkin hoton da ke jikin yadi ba ya gyara mugun ɗinki. Kafin ki fita sujada ki duba gabanki da bayanki, don ba kullum ake samun mai zani biyu a bakin ƙofa ba.