Tsokar Auta Ta Tafi Ƙasar Waje

Ko abin goge ƙafar da ke ƙofar falonsa daga waje aka kawo shi, kuma ba ka isa ka taka shi ba a gaya maka ba. Shi ya sa a layin masu sayar da tayil ba wanda ke kiran sa da sunan yanka. Na-Waje kawai ake ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a, don a zatonsa yabo ne.

Sai Auta, ɗansa na ƙarshe, ya tashi da kumburi a muƙamuƙi. Aka ce haƙori ne, aka cire haƙorin, kumburin ya ci gaba da sha'aninsa. Daga baya likitan yara ya sa aka yanko 'yar tsoka daga wurin, aka kai ɗakin awo.

Ɗakin awon yana can ƙuryar asibiti, bayan wurin wanki. Na-Waje ya shiga yana tattare riga. Fanka na kuka, fentin bango ya ɓare, kan tebur ga ƙananan gilasai jere, kowanne da ɗigon shuɗi. Likitar da ke duba tsoka 'yar siririya ce sanye da silifas, kuma ba wani sabon abu a ɗakin sai kwamfutar da ke leƙowa daga jakarta.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Sankara ce irin wadda ke kama yara. A cikin ƙwayoyin tsokar ta ga sawun wani bairos da kusan kowa ke ɗauke da shi a yawu, yawanci ba ya yin komai, amma a wasu yaran yakan sa hannu a wannan ciwo. Sankarar tana jin magani ƙwarai, sai dai saurin girma gare ta. A fara a makon nan.

Duk bayanin nan, bairos da yawu kawai suka shiga kunnen Na-Waje.

"A gidana? Malama, mu ko ruwan famfo ba ma sha." Bakinsa ya ƙi ce mata likita.

"Alhaji, kai tsokar duk inda ranka ya kwanta, haƙƙinka ne. Amma a fara maganin, sakamakon ya same shi yana sha."

"A ɗura wa ɗana guba a kan maganar wannan ɗakin?"

Ta naɗe gilasan da ke ɗauke da tsokar Auta a auduga ta miƙa masa.

Ya samo wani kamfanin awo a ƙasar waje, mai gini na gilashi da hotunan mutane masu fararen haƙora. Tsadar ce ma ta fi kwantar masa da hankali. Ya biya, ya aika, ya shiga gaya wa duk wanda ya zo sayen tayil cewa tsokar Auta ta hau jirgi.

Tsoka ta hau jirgi, mai tsokar na kwance a gida. Kumburin ya ture sauran haƙoran, ya haura kunci, ya fara matse idon hagu. Uwar Auta ta koma ba shi abinci da ƙaramin cokali ta gefen baki, in ta gama ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada ya ji kukanta. Tsoro take ji, kuma ta faɗa.

"Baban Auta, don Allah a fara. Yaron nan ƙarewa yake."

"Ke dai ba ki san aikin manya ba."

Likitar ta yi ta kira, bai ɗauka ba. Ran da ya biya ta asibitin da yamma don ya ja mata kunne, ya tarar ta tashi da jakarta, wai tana da wani aikin a gida. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ɗinki ne ko kitso.

Sakamako ya iso tun kafin ranar da kamfanin ya yi alkawari. Na-Waje ya tara maƙwabtan shago ya karanta musu da ƙarfi, yana cije kalmomin da suka fi ƙarfin harshensa. Sankara ce, da sawun bairos ɗin, a ƙasa kuma da manyan haruffa: a fara magani yau. Wani ya ce ai abin da matar nan ta faɗa ke nan. Na-Waje ya ce canka ta yi ta dace.

A ranar aka kwantar da Auta. Maganin ya karɓe shi, kumburin ya shiga saɓewa, likitan yara ya ce da yardar Allah zai tashi. Idon hagun ne dai aka makara.

A baranda Na-Waje ya ci karo da likitar, ya kaɗa mata takardar a fuska.

"Kin ga aikin masana? Ga sauri, ga tsabta. Ki yi kwafi ki ajiye, ko kya koya."

Ta dubi takardar, ta dubi ƙofar ɗakin da Auta ke kwance da bandeji a rabin fuska. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta wuce.

A wancan gini na gilashi ba likita ko ɗaya. Na'ura ce ke ɗaukar hoton gilasai ta tura wa ƙwararrun da kamfanin ya ɗauka haya a faɗin duniya. Na Auta ya faɗo ne kan teburin cin abinci na wani gida da ba shi da nisa da shagon tayil, inda mai silifas ta gane shi a kallon farko, ta ture sauran aikin gefe, ta sake rubuta abin da ta faɗa tun idon yaron na gani.