Maƙalin Wuƙa a Aljihun Hagu

"Wa ya sa ka juya mini maƙalin wuƙata?"

Muryar dattijon ta tsayar da gudumar maƙerin a kasuwar Kankiya. Tun daga Dudunni yake tafe yana huci. Wasawa kawai ya aiko a yi wa babbar wuƙarsa mai ninkewa, sai ta dawo an kwance ƙarfen da ke maƙale ta a bakin aljihu, an mayar da shi ɗaya gefen, irin na bahago.

"Baba, ɗiyarka ce ta roƙe ni. Ta ce tun da ka tashi daga jinyar nan..."

"Ita ta haife ni? Shekara talatin a aljihun dama nake maƙala ta! Ni zan yanka wa baƙo rake da hagu, a ce ba ni da tarbiyya? Lafiyata ƙalau. Gyara mini yanzun nan!"

Ya miƙa wuƙar. Maƙerin bai karɓa ba, kallon hannunsa kawai yake yi. Dattijon ya dubi abin da yake kallo. Ashe hannun hagu ne ya zaro ta. Na daman yana gefen rigarsa, tun ɗazu yana laluben bakin aljihu, ya kasa shiga.