Ta Huɗu a Jeri

Karo na uku ke nan ma'aikacin bankin yana mayar mata da takardunta.

"Hajiya, dokar hana halatta kuɗin haram ce. Asusun ƙungiyarku zai zauna a rufe sai kin kawo sunan duk wanda ya ba ku taimako."

"Ɗana, akwati muke ajiyewa a ƙofar asibiti. Mai wucewa ya jefa, ya yi gaba. Sunan wa zan rubuta?"

Ya sunkuyar da kai. Ta miƙe, tana tuna masu wankin ƙoda tara da ke jiran ƙungiyar ta biya musu.

A bakin ƙofa ya cim mata.

"Hajiya, ta huɗu a jerinku mahaifiyata ce. Me zan gaya mata?"