Teburin Bakin Taga

Mai sayar da mayafai ta zube masa kala uku, ta ce ya zaɓa. Baba ya tsaya yana kallonsu kamar an ba shi jarrabawa. Ta tambaye shi wane launi uwargidan ta fi so, ya ce bai sani ba. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce maza duk halinsu ɗaya, a tsufa da mace ba a san ko launin da take so ba. Bai musa mata ba. Ya ɗauki shuɗin, mai ɗan kauri, don ya lura duk sanda iskar teku ta shigo, Mama takan ƙanƙame kafaɗunta.

Yau ce rana ta ƙarshe da za su ci abinci tare. An yanke maganar tun makon jiya, ba faɗa, ba ɗaga murya. Abin da ya rage masa shi ne ya buɗe baki ya ce mata kada abin ya ƙare a haka. To, a nan gizo ke saƙa. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa shi kaɗai a ɗakin injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, can sama inda tsuntsaye ne kawai maƙwabta, magana ba sana'arsa ba ce.

Ya ratsa layin masu kifi, inda ake zuba ƙanƙara ruwa na bin ƙafafun mutane, ya ɓulla ta layin masu kayan yaji. Yana tafe yana jera kalmomin a ransa, in ya kai ƙarshe sai ya ga farkon ya zube. Kasuwa ta cika, kowa na kiran wani. Shi dai ba wanda ya kira shi, sai mai tura baro da ya ce ya ba da hanya.

Ya tarar ta riga shi zuwa gidan abincin. Tana zaune a teburinsu na bakin taga, inda duk mai wucewa a titi zai gan su. Wurin ya cika maƙil, har da layi a ƙofa. Baba ya tuna farkon buɗe shi, lokacin da kujeru ne kawai ke kallon juna, masu kai abinci na hamma a jikin bango. Tun daga wancan lokacin su biyun ba su taɓa fashi ba.

Ba a kawo musu takardar zaɓen abinci ba, kai tsaye aka ajiye musu gasasshen kifi da shinkafa. Mai gidan abincin ya zo ya gaishe su da ladabi, bakinsa na wajensu, idonsa na kan layin ƙofa.

Baba ya soma ba ta labarin ranar da iska ta kusa kifar da injinsa. Ta ji labarin nan ya fi a ƙirga, amma da wasu baƙi suka rage tafiya a gaban tagar, sai ta kwashe da dariya kamar yau ta fara ji. Wata matashiya a teburin gefe ta zunguri mijinta, ta ce ya kalla ya ga yadda ake tsufa tare, ta yi musu addu'ar Allah ya bar su. Mama ta amsa da murmushi. Sannan ta cire ƙayar da ke jikin kifinta, ta tura masa tsokar a farantinsa. Wannan kam ba wanda ya gani. Baba ya ji kaɗaici tun ba a rabu ba.

"To, gobe fa?" Iyakar abin da ya iya fitarwa ke nan.

"Gobe zan yi barcina har rana ta take," in ji ta. "Kai ma ka huta, Baba."

Kafin su kai ƙofa an goge teburin, wasu sun zauna.

Ya raka ta bakin ruwa. Masu ƙugiya sun jeru a kan gada, yara na rigimar hawa kwalekwale, wani mai hoto ya biyo su yana cewa irin nasu ne ake ratayewa a falo. Jirgin fito ya yi ƙara, mutane suka fara shiga. Baba ya miƙa mata ledar. Ta warware mayafin, ta shafa shi, ta yafa nan take.

"Har da wahala haka?"

Ba ta shiga ba. Ta tsaya tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara, tana dubansa. Ko makaho ya san wuri ta ba shi. Baba ya kalli ruwa, ya kalli takalminsa.

"A sauka lafiya," ya ce.

Ta gyaɗa kai a hankali, ta shiga. Aka kwance igiya. Sai da ruwa ya shiga tsakaninsu, yana hango shuɗin mayafin a cikin taron, sannan maganar ta zo masa gaba ɗaya, tiryan-tiryan, ba inda ta zube. Ya matsa bakin ƙarfen gadar, ya cika ƙirji zai ƙwala mata kira, sai ya tsaya da baki buɗe.

Mama sunan aiki ne, shi kuwa bai san wani ba, don ranar da mai gidan abincin ya tsinto su, kowa daga inda yake zaman kaɗaicinsa, ya ɗauke su aikin zama a bakin taga domin masu wucewa su ga kamar ana ciniki, aikin da ya ƙare yau tunda ciniki ya kankama, cewa kawai ya yi su riƙa kiran juna Baba da Mama.