Zanin Zumuntar Mata

Derrick ya tare Celina a ƙofar gidan iyayenta a Narayi, zoben neman aure a aljihu.

"Masu sharhi sun yabi fim ɗina! Wai wurin da aljani ya shiga matar nan kamar gaske."

"Ai gaske ne," in ji Celina. "Faɗuwar, cizon harshen, har zanin zumuntar matan cocinmu. Farfaɗiyar Mama ce. Ranar da na ce ka riƙe min kanta, ashe haddacewa kake yi."

"Haba, wa zai gane?"

"Jiya a coci babu wadda ta zauna kusa da ita."

Ya ciro zoben a hankali. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Mayar da abinka. Ka tafi kafin Mama ta fito ta gaishe ka."